Irin da Kawu Labbo Ya Hana Mu

Bana ruwa ya makara. Watan shuka ya kama har ya yi nisa, sama fes kamar an share ta, da hantsi ba mai taka ƙasa ba takalmi. Shekaranjiya da yamma gabas ta ɗan yi duhu, sai ga jikana, magidanci da 'ya'yansa uku, ya shigo yana jan buhun iri. Wai zai yi binne, ya zuba geron cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi a can. Na ce ya raba shi biyu ya tura rabi ƙarƙashin gadona. Ya ce kowa yana yi. Na ce na sani, ni ma na taɓa zama cikin kowan. Ya fita yana gunguni, ni kuma na jawo littafi da biro. Sai da na haura arba'in na zauna ajin yaƙi da jahilci, hannuna har yau ba shi da sauri, amma wannan labarin za ni rubuta shi ko zai ɗauke ni har kaka.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana dai ta raɗe-raɗin tafiyarsu. Muna zaune a Sabon Birni, ni da surukata da nake kira Inna, da ɗiyata Tumba mai shekara uku. Maigidana ya tafi cin rani kudu tun bayan kaka, don damanar da ta wuce ba ta bar mana abin kirki ba. Gonarmu tana kan tudu ta hanyar Kurawa, jigawa ce, yashi zalla. Da ya tashi tafiya ya nuna mini damin iri a rataye cikin ɗaki, ya ce ko me za a yi kada a taɓa shi.

Bazarar shekarar ta yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Gulbi ya ƙafe, sai mu tona yashi mu jira ruwa ya tsatso. Da asuba in tafi ɗibar ruwa, in dawo in daka ɗan abin da ya rage a rumbu, in dama kunu tsararo wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana mu kwanta ƙarƙashin rumfa kamar kaji, ba mai iya magana. Tuwo sau ɗaya ne, da magariba. Daga baya ya koma yau a yi gobe a huta.

A bakin kasuwa akwai manyan rumbuna guda biyar, ana ce musu rumbun tsimi. Doka ce ta zamanin: duk kaka kowane gida ya kai dami, a zuba, a liƙe baki da laka, a danna hatimi a kan lakar tun tana ɗanya. Ba a fasawa sai da takarda mai sa hannun Bature. Mun tsani rumbunan nan. Muna cewa hatsinmu ne aka ɗaure a gidan yari.

A shekarun nan ne kuma aka kawo majalisar gari. Kowace unguwa ta tsayar da mutum guda, maza suka yi layi bayan wanda suke so, waɗanda aka tsayar ɗin suka ɗora Kawu Labbo, yayan mahaifiyata, ya zama shugabansu a ƙarƙashin hakimi. Falke ne, yana kai goro da tufa Maraɗi a kan jakuna ya dawo da gishiri da kanwa. Dogo, siriri, mai jinkirin magana har ka ji kamar ka zaro masa ita daga baki. Aikinsu yasar rijiyoyi, sharar kasuwa, gyaran hanya, da tsaron rumbunan nan. Yanzu in Ciyaman zai wuce tun daga nesa muke jin jiniya. Kawu yana da kujera guda ta katako da aka aiko daga Sakkwato, ita ma a kanta yake ajiye rawaninsa, shi ya zauna a tabarma. Mata a rijiya muna kiransu majalisar goro, don ba mu ga abin da suke yi ba sai tauna.

Wata rana hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta kaɗo. Gari ya ɗauka da binne. Na sauko da damin nan na sussuke. Inna tana zaune tana kallona, ta ce, "Hajo, rage rabi. Hadarin farko maƙaryaci ne."

Na ce, "Inna, in na rage, wa za ya zo ya taya ni shuka ta biyu? Gara in gama sau ɗaya."

Na ari sungumi, ni ce sara ni ce zubawa, Tumba tana biye da ni tana taka ramuka da 'yan ƙafafunta. Kwana biyu na gama. Ko ƙwaya ban rage ba.

Ruwan ya zo, amma yayyafi ne, bai wuce ya kwantar da ƙura ba. Ya dai isa ya ruɗi geron. Ya tsiro, kore shar, layi-layi, na tsaya bakin gona ina dariya ni kaɗai. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana ashirin. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, ya zama kamar gashin masara, in ka taɓa ya marmashe. Ba ni kaɗai ba, fiye da rabin gari haka.

Rumbun gida ya ƙare ƙaf. Muka koma daji. Mu tsinko hanza mu jiƙa kwana da kwanaki muna sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Mu tafasa ganyen aduwa. Mu tona gidan tururuwa mu kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara, mu sheƙe, rabi ƙasa rabi abinci. Dusar da muke ba akuya da, yanzu mu muke nema. Tumba ta daina wasa. Cikinta ya fito, wuyanta ya zama kamar sillen kara, gashinta ya yi ja. Kuka ma ta daina, sai kallo.

Ranar da na ga haka na tafi gona, na ciko ƙwarya da mataccen tsiro, na nufi zauren majalisa. Mace ba ta shiga wurin. Na tsaya a bakin ƙofa na watsa musu shi a tsakiyar tabarma.

Sarkin Noma, wani gajeren tsoho mai barkwanci, ya zabura. "Subhanallahi! Labbo, ba ɗiyar ƙanwarka ba ce? Mace cikin majalisa?"

Na ce, "Ban shigo ba, Baba, ƙafata na waje. Ku duba abin da ke gabanku. Kuna nan kuna cin goro, hatsinmu na kulle, ɗiyanmu na mutuwa."

Kawu ya ɗauki tsiro guda ya murza. Ya ɗago ya dube ni.

"Mi kinka rage na iri, Hajo?"

"Ko ƙwaya."

"Duka kinka binne?"

"Duka."

Sarkin Noma ya sosa ƙeya ya ce, "Kada ka yi mata faɗa. Ni da nike Sarkin Noma haka na yi. Kunya ta hana ni faɗi."

Wasu suka yi 'yar dariya, irin ta mai ciwo. Ashe maganar fasa rumbun tsimi suke yi tun safe. Hakimi yana Sakkwato wurin taro, Bature kuma an ce yana rangadi ya sauka Isa, zai tashi ko yaushe. Kawu ya miƙe ya ɗauki rawaninsa daga kan kujera. Kafin azahar ya karɓi wasiƙa daga wakilin hakimi ya hau jakinsa ya nufi Isa.

A rana ta uku ya dawo, a ƙasa. Jakin ya durƙushe masa a wajen Gatawa, ya bar shi hannun wani aboki ya ƙarasa da ƙafa, zuwa da dawowa. Tafin ƙafarsa duk ya tsattsage. Amma takarda tana cikin aljihu. Labari ya zaga gari kafin ya sha ruwa. Na ruga gida, na jawo turmi na wanke shi tas, na kife a rana. Na ce wa Inna yau Tumba za ta sha fura.

Muka taru bakin rumbuna da ƙore da tasoshi, mata da maza, har da masu dogara sanda. Kawu ya zo yana ɗingishi, 'yan majalisa na bayansa. Ya fito da takarda, malamin majalisa ya karanta. An yarda a fasa. Guɗa ta tashi. Sai ya ɗaga hannu.

"Jama'a, takarda ta samu. Amma ba a fasa wanga rumbu sai ruwa ya sauka."

Wuri ya ɓarke. Na kutsa gaba, Tumba a bayana.

"Kawu, mi ka ce?"

"Kin ji ni."

"To mi ya kai ka Isa? Yawo?"

"Hajo, in na ba ki mudu biyu yanzu, ina za ki kai shi?"

"Gona."

"Dube ni ki sake faɗi."

Ban iya ba. Turmina yana can a kife yana bushewa.

Ya juya ga mutane ya ce sun auna da Sarkin Noma. In aka raba don ci, kwana goma sha biyu zai yi wa garin, daga nan ba abinci ba iri, sai kowa ya ɗaure kayansa ya bar Gobir. In aka bar shi iri, zai shuke kowace gona. Majalisa ta zauna ta yarda, amma shi ya kawo shawarar, wanda zai zagi wani ya zage shi.

Aka kuwa zage shi. Wani ya ce ya sayar wa Faransa. Wata ta ce Allah ya isa. Ni na kwance goyo na dire Tumba a gabansa, na ce, "Ga ta nan. In ta mutu kai za ka gina ramin, tun da kai ne shugaba."

Ya durƙusa da ƙyar ya ɗauke ta. Ya taɓa wuyanta, ya taɓa cikin. Ya miƙo mini ita ya ce, "Kawo ta nan kullum da hantsi."

Washegari na kai ta, don in ga ƙarshen abin. Ashe ya kwashe gishiri da kanwar da ya rage masa na fatauci ya aika wa Fulanin da ke zaune wajen Kurawa, su kuma su riƙa kawo ɗan abin da shanu suka bayar. Shanun ma ƙashi da fata ne. Nonon ba ya wuce ƙwarya biyu, a ƙara ruwa, a ba ƙananan yara ludayi bibbiyu, babba ko ɗanɗane. Shi da kansa yake riƙe ludayin. In an gama ya shimfiɗa buzu a inuwar rumbun tsakiya ya zauna, inuwa na juyawa yana binta, har magariba, sannan wasu 'yan majalisa su karɓe shi. Na leƙa gidansa don in kama shi, na buɗe tukunyar matarsa ba sallama. Hanza ce, irin tawa.

Kwana tara muka yi a haka. Na daina gaishe shi. In na kai Tumba sai in juya masa ƙeya. An fita roƙon ruwa sau biyu, maza sun juya rigunansu, an dawo sama na nan yadda take. A kwana na shida wani tsoho mai tufkar igiya, Na-Allah, ya rasu a unguwarmu. Dama yana da ciwo, amma kowa ya san abin da ya ƙarasa shi. Kawu ya je jana'iza, 'ya'yan mamacin suka ƙi ba shi hannu a gaban jama'a. Ya tsaya a sahun baya, aka gama, ya koma kan buzunsa. Har yau ban san ko mudu guda zai tsayar da Na-Allah ba. Na san dai Kawu ya yi ta tambayar kansa wannan har ya bar duniya.

Ran na tara bayan azahar iska ta tsaya cik. Zufa ta riƙa zuba ko ba ka motsa ba. Awaki suka shiga kuka. Gabas ta haɗe, wannan karon ba gefe guda ba, ta rufe har tsakiyar sama. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, babba, mai ɗumi. Sai ƙamshin ƙasa ya taso, wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi yashi ya ci. Daga nan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ɗakinmu ya yi yoyo wuri uku, Inna tana tara tasoshi tana kuka tana salati. Na fitar da Tumba tsakar gida tsirara, ruwa na dukanta, ta buɗe baki tana lasa. A ranar na sake jin dariyarta.

Ana ɗaukewa wajen la'asar gari ya ɗunguma bakin kasuwa. Kawu yana nan jiƙe sharkaf, bai ko tashi ya fake ba. Duk da haka bai ce a fasa ba. Ya ce Sarkin Noma ya gwada ƙasa tukuna. Tsohon ya durƙusa ya tona da hannu, ya tona, har hannunsa ya nutse zuwa gwiwar hannu. Ya zaro dunƙulen ƙasa ya matse, ta kama.

"Labbo, in ba ka fasa ba yanzu, ni za ni fasa kanka."

Kawu ya karɓi gatari ya doki hatimin da kansa.

A dami geron yake, sai an sussuka. Ya hana a kai gida. Aka jawo turame aka jera a filin kasuwa, har da nawa wankakke. Mata muka kama sussuka, ciki ba komai, ƙamshin gero na shiga hanci. Ba wadda ba ta jefa a baki ba. Wani ɗan majalisa ya kai ƙara, Kawu ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Abin da ya shiga baki ban gani ba. Wanda ya shiga zane shi nike kallo." Muka yi ta daka muna tauna har duhu ya hana, da asuba muka ƙarasa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ƙulle cikin hannu biyu a bakin zanena na soke ta ciki. Kunun Tumba na kwana biyu.

Rabon ma ba a ƙofar gida aka yi ba. Unguwa-unguwa aka fita gayya, iri a kan jakuna, kowace gona sai an isa bakinta a auna mata nata gwargwadon girmanta, ya shiga ƙasa a gaban kowa. Maza a gaba da sungumi, mata a baya da 'yan ƙoƙuna muna zubawa muna rufewa da diddige. Ƙasa sanyi a tafin ƙafa. Mutane na tangaɗi don yunwa, wani ya faɗi a ɗaga shi ya ci gaba. Makaɗi guda ya samu ƙarfin ɗauko gangarsa.

An iso tawa rana ta yi tsaka. Kawu yana biye a kan jakin aro, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Aka auna, aka shiga. Ko ma'auni ne ya gaza, ko hannun masu zubawa ya yi nauyi, iri ya ƙare saura layi uku ta gefen kalgo. Ramuka a buɗe, ba abin sawa. Mai awo ya ce ba ƙari, akwai gonaki a gaba. Na tsaya ina kallon layukan nan.

Kawu ya matso da jakinsa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Hajo, zanenki ya yi nauyi ta hagu tun jiya."

"Na Tumba ne."

"Na sani. Ba ni cewa ki kwance. Nono na nan gobe da hantsi, jibi ma haka. Ke kika san gonarki."

Ya ja linzami ya wuce. Mutane sun fara tafiya gonar gaba. Na kwance ƙullin, na bi layi ukun nan ni kaɗai, ƙwaya huɗu huɗu, ina zubawa ina zaginsa a zuci. Ya isa daidai, har da ragowar da na watsa a baki.

Kwana huɗu aka sake ruwa, sannan aka sake. Tafasa da rama suka fito a kowane juji, muka samu abin kwaɗo, cikin mutane ya fara lafawa. Maigidana ya dawo ana noman farko da ɗan buhun garin rogo a kai. Geron ya tashi, ya rufe gwiwa, ya rufe mutum, ya fitar da kai. Tumba ta koma tsokanar kaji.

Da aka sake tsayar da 'yan majalisa, unguwar Kawu ba ta yi layi bayansa ba. Mutane sun ci geron, amma ba su manta kwana taran ba. Ya koma fataucinsa. Wannan daga baya ne.

Abin da nake so in rubuta shi ne ranar tumun farko. Na karyo kawuna shida daga gonar, na hura wuta a ƙofar gida ina gasawa, Tumba tana murzawa tana cika baki, duk fuskarta baƙin gawayi. Sai ga Kawu zai wuce masallaci. Tun ranar da na dire masa yarinya ban gaishe shi ba. Ya rage tafiya, ya yi kamar yana gyara takalmi.

Na ɗauki guda na miƙa masa ba tare da na tashi ba. Ya karɓa, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya zuba a baki. Ya daɗe yana taunawa idonsa a rufe.

"Guda ɗaya tak, ɗiyar ƙanwata? Ga biyar can."

"Kwana tara ka sa ni jira, Kawu. Jira na biyun."

Ya dubi masallaci, ya dubi wutar. Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da Tumba.

"To, ina jira."